Jirgin da Murjanatu Take Ciki

Daren jiya wani mafarki ya zo mini. Na ga kaina a wani filin jirgi da babu kwalta, tabarmi ne aka shimfiɗa jere har inda ido ya ƙare. Rana tsaka ce. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsatsowa ya tafi sama, don haka kowa ya kifa lemarsa ya tsaya a ciki.

Kyamarata tana wuyana, wadda na shekara ashirin da biyu ina ɗaukar hoton fasfo da ita a bakin sakatariya. Na kuma san cewa 'yata Murjanatu tana cikin ɗaya daga cikin jiragen da ke kewaya samanmu, domin ranar ta tafi karatun jinya, hawanta jirgi na farko.

Wani bunsuru ne a teburin karɓar baƙi, da tabarau, yana tauna wata takarda.

"Malam, wa kake jira?"

"'Yata, ranka ya daɗe."

"To ɗauke ta. A nan jirgi ba ya sauka sai wani nasa ya ɗauke shi hoto yana tafe. Yadda ya fito a hoto, haka zai sauko. Sau ɗaya ake dannawa."

Na ce masa ni mutanen da ke zaune nake ɗauka. Ya ce wannan ba ofishinsa ba ne.

Sai ga mu a layi. A gabana wani dattijo ne mai jiran ƙaninsa. Hannunsa na rawa, shi ya sa ya ƙure saurin ƙiftawar kyamararsa, ɗaya bisa dubu biyu na daƙiƙa, don kada hoton ya yi dishi-dishi. Ya danna. Hoton ya fito tar, har ƙusoshin fiffike ana gani, farfela kuma ta tsaya cak. A sama ma ta tsaya. Jirgin ya faɗo bayan wata katanga ba tare da ƙara ba.

"Hoto mai kyau," in ji bunsurun. "Na gaba."

Ta gaba wata mata ce. Ta ga abin da ya faru, sai ta rage saurin sosai. Jirginta ya sauka lafiya, amma a shafe, kamar an goga yatsa a kan ɗanyen fenti. Mijinta ya fito ba ido ba baki. Ta kama hannunsa tana cewa, "Maigida, kai ne? In kai ne ɗaga ƙafa."

Wata tsohuwar akuya mai shara ta matso kusa da ni.

"Ɗan nan, sa ɗaya bisa ɗari biyu. Farfela ta fito da ɗan hazo, shi ne alamar tana da rai. Ba wa rana baya. Manna gwiwar hannu a haƙarƙari. Kada ka jira jirgi ya shigo maka, kai za ka bi shi da ƙugu, ka danna kana juyawa, ka ci gaba da juyawa bayan ka danna."

"Inna, in na motsa ai hoto ya lalace."

"A wurinku ke nan."

Na goge gilashin da hannun riga, don ruwa yana ta dukansa daga ƙasa. Jirgin ya ɓullo ta gabas, ƙarami, fari, mai farfela biyu. Na zuƙo shi. Na bi shi da ƙugu yadda aka ce, na riƙe numfashi. Gizagizai suka shafe a bayansa, shi kuwa ya zauna daram a tsakiyar gilashi. Wallahi na iya. Yatsana yana kan maɓalli.

Sai na gan ta a taga ta huɗu. Ta gane ni, tana ta ɗaga hannu, tana tsalle a kujera, mayafinta ya zame gefe. Ban yi shawara da kaina ba. Abin da nake faɗa wa kowa sau hamsin a rana shi ya fito mini.

"Tsaya cak! Kada a motsa!"

Murjanatu ba ta taɓa musa mini ba tun tana ƙarama. Ta sauke hannu, ta gyara zama, ta ɗago haɓa. Matar da ke gefenta ma ta gyara. Matuƙin ya cire hannunsa daga sitiyari ya ɗora a cinya. Farfelun suka tsaya, na ƙirga fikafikansu, uku-uku.

"Ban danna ba!" na ce wa bunsurun. "Ranka ya daɗe, duba, ban danna ba!"

"Ba sai ka danna ba. Kai ubanta ne."

Na jefar da kyamarar na ruga kan tabarmin, hannuwa a buɗe. Ina ihu ta motsa, ta yi dariya, ta yi duk abin da take so. Inuwar jirgin tana ta ƙara faɗi a kaina. Ita kuwa tana zaune a taga, ba ta ko ƙifta ido, tana jira in ce mata an gama.

Ƙarar injin markaɗen maƙwabta ce ta tashe ni. Hannuwana suna miƙe sama. Uwargidana tana zaune a bakin gado, waya a tafinta.

"Ta kira?" na ce.

"Tukuna."