Hannun da Hure ta Ɗaure

A shekarar da gero ya yi tsadar da har kaji suka manta da tsaba, aka yanke wa Furera nonon hagu a asibitin birni. Ciwon daji ne. A ƙauyensu, can bayan Bagwai, ba a kiran sunansa, sai dai a ce "abin nan".

Kafin a sallame ta, wata likita 'yar siririya, wadda aikinta koya wa marasa lafiya motsa gaɓoɓi, ta tsayar da ita gaban bango.

"Inna, kullum ki tsaya haka, ki riƙa hawa bangon da yatsunki a hankali. Ko da zafi, ki daure ki yi."

Furera ta ce to. Ita da ma duk abin da aka faɗa mata a asibiti to take cewa, don a bar ta ta tafi gida.

Yayarta Hure ce ta zo jinya. Hure kuwa ita ta yi jinyar mahaifiyarsu har ta cika, kuma ba ta manta ba, da ajali ya matso, tsohuwar juya wa mutane baya ta yi tana laluben bango. Da safe Hure ta shigo da koko, ta tarar da ƙanwarta fuska a bango, yatsu suna rarrafe. Saura kaɗan kwanon ya suɓuce mata.

"Ke Furera, me kike nema a nan?"

"Likita ce ta ce in yi, Yaya."

"Likitar ta ga yadda Innarmu ta yi? To ni na gani. Zauna."

Ta ɗauko tsohon zani ta naɗe mata hannun hagu da ƙirji tam, yadda maɗori ke yi wa karaya. Ta ce ai kowa ya sani, abin nan in ana motsa shi tafiya yake yi a jiki. Nababa, mijin Furera, ya leƙo, ya ga ɗauri ya yi kyau, ya saɓa fartanya ya tafi gona. Shi ba ya shiga maganar mata, balle wadda ta shafi nono, a gaban yayar matarsa.

Haka aka ci damina. Furera ba daka, ba shara, ba jan ruwa. Sai a zaunar da ita a tabarma, masu dubiya su zo su kalle ta, su girgiza kai, su fita. Ran da aka kwance zanin za a wanke, ta ce bari ta ɗaura kallabinta da kanta. Hannun ya ƙi wuce ƙirji. Ta tayar da sallah, na dama ya je kunne, na hagu ya tsaya a hanya. Ta sa yatsa a hammata, ta ji wani abu ya miƙe a ƙarƙashin fata kamar tsirkiya, har zuwa gwiwar hannu.

Saiwa ce, in ji zuciyarta. Abin nan ya yi saiwa, kuma mutanen da suka yanke nono ba za su ji nauyin yanke hannu ba. Ba ta gaya wa kowa ba. Da zanin ya bushe, ita da kanta ta miƙa wa Hure hannun a sake ɗaurewa.

Lokacin komawa asibiti ya yi, ta ce zazzaɓi take ji. Nababa ya riga ya yi magana da mai mota, ya ce ta ji zazzaɓinta a hanya.

Likitar nan siririya ta taɓa hammatar. Furera ta runtse ido tana jiran a ambaci wuƙa.

"Inna, wannan ba ciwon ba ne. Jijiya ce ta ƙage don an daina motsa ta. Wa ya ɗaure ki?"

Hure tana gefe, ta shiga gyaran mayafin da ba abin da ya same shi.

Furera ba ta gama ajiyar zuciya ba, likitar ta ci gaba. Akwai sauran magani, wani inji da ake kwantar da mutum a ƙarƙashinsa ya ƙone ragowar ciwon. Amma sai hannu ya miƙe sama da kai, ya zauna a can. In bai miƙe ba, ba za a iya sa ta ba.

"Ku dawo da an yanke gero. Ciwon ba jiran mu yake yi ba, Inna."

Suka koma gida.

Hure dai ba za ta iya kallon ƙanwarta tana laluben bango ba har yanzu, amma likitar ta nuna musu wata dabarar ta igiya. Nababa ya kwance igiyar guga, ya wurga ta kan reshen darbejiyar tsakar gida, ya fice da sauri. Furera ta riƙe baki ɗaya da hannun hagu, Hure ta kama ɗayan.

"In na ja, abin ya tsinke ya gangara zuciyarki fa?"

"In ba ki ja ba ma zai gangara, Yaya. Ja."

Hure ta yi bisimilla, ta rufe ido, ta ja. Hannun ya tashi har kafaɗa, ya tsaya. Furera ta ji kamar ana yage mata hammata, gumi ya tsattsafo mata a wuya. Ta saman katanga tana hango geron Nababa, zangarniya ta riga ta yi nauyi.

"Ya kai ina?" in ji Hure, idonta a rufe.

"Ko kunne bai kai ba."

Hure ta tsaya da jan igiyar.

"Ƙara ja, Yaya."