Ba a Waiwaye a Kogin Wudil

Tun kafin a haifi wasu daga cikin 'yan wasansa Malam Gwadabe yake horar da ƙwallon ƙafa a wata ƙaramar kwalejin malamai da ke bakin kogin Wudil. Kofunan da ya ciwo sun cika kabad, har an fara jera wasu a kan taga. Manyan makarantun Kano sukan zo da sababbin takalma da kiɗa, su koma shiru. In aka tambaye shi sirrin, sai ya nuna kogi da haɓa.

Duk rani, in ruwa ya ja baya ya tsaya iya gwiwa, yakan jera samarinsa ba takalmi, ya busa usur, su tsallake da gudu zuwa wancan gaci. Yashi da ruwa ke gina cinya, in ji shi. Doka ɗaya ce tak: ba a waiwaye. Wanda ya juya kai, ko da sunansa aka kira, ya bar ƙungiya ke nan.

Shekarar da arzikin mai ya sa Kano ta kama tsiro da benaye, tifofi suka yi ta sintiri a kan gada ɗauke da yashi. Malam yana ganinsu, har hannu yake ɗaga wa direbobin. Bai taɓa tambayar kansa daga ina suke haƙowa ba.

Ranar da aka fara atisaye, da hantsi, samarin suna ta tsokanar Ƙasimu, mai tsaron gida, wani ƙaton saurayi daga Lajawa wanda kullum shi ne na ƙarshe. Isyaku kyaftin ya ce kafin Ƙasimu ya kai gaci, yarinyar da yake yi wa asarar murmushi a wurin sayen fura ta yi jikoki. Ƙasimu ya rantse yau sai ya ba su kunya. Da aka busa, sai ya ratse hagu don ya kauce wa cunkoso.

Malam yana kallonsa. Sai kuma ba Ƙasimu, sai ruwa kawai yana juyi a wurin.

Ya ce a ransa santsi ne, yanzu zai miƙe. Bai miƙe ba. Malam ya zabura. Ya ƙwala kiran Isyaku, ya kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya har muryarsa ta tsage. Ko mutum ɗaya bai juyo ba. Ya busa usur da dukan numfashinsa, sai suka ƙara wuta, don haka suka san ma'anar busa a tsakiyar gudu. Bayansu kawai yake gani, suna nisa, masu biyayya, kamar yadda ya raine su.

Ya faɗa ruwan da rigarsa. Gwiwa, cinya, sai ƙasa ta ɓace. Ramin tifa ne, mai duhu, mai sanyin kabari. Ya laluba, bangon yashi ya ruguje a hannunsa. Fuskar mahaifin Ƙasimu ta faɗo masa, manomin da ya damƙa masa ɗa ya ce amana ce. Ya Allah, da wane baki? Sai hannaye suka cafke masa wuya, hannayen da shi ya koya wa kada su saki abin da suka kama. Suka yi ƙasa tare.

Sai da na gaba suka taka gaci sannan suka juyo, suka ga hular Malam tana yawo. Isyaku ne ya fara isowa. Suka riƙe hannun juna, suka jawo mutanen biyu a manne.

A kan yashi Malam ya durƙusa yana danna cikin saurayin, yana salati, yana kuka a gaban ɗalibai. Can ruwa ya ɓalle ta baki da hanci. Ƙasimu ya buɗe ido, ya daɗe yana neman gane inda yake.

"Malam," ya ce da ƙyar, "wallahi ban waiwaya ba. Kada a cire ni."

Malam ya rungume kan saurayin a ƙirji. Sannan ya ɗago. Ya kalli Isyaku.

"Ku ɗauke shi a hankali. Mu koma makaranta."