Lamba Sittin da Uku

Turai ba ta san boko ba, amma ta san sittin da uku. Ko daga barci aka tashe ta sai ta faɗe ta. Lambar ce a jikin kaset ɗin mijinta, Ɗantani makaɗin noma. Tun da ya rasu da ita take ambatonsa, domin Turai irin matan nan ne da ba su kama sunan miji har su koma ga Allah.

Ƙauyensu yana bakin gulbi ne a ƙasar Maradun. Shekarar da aka ce za a datse ruwa a Bakolori, Ɗantani ya yi wata waƙa da ta bi gonakin garin ɗaya bayan ɗaya, kowace fadama da sunan mai ita da abin da take haifarwa. Sallau mai kaset a kasuwar Talatar Mafara ne ya ɗauke ta a rikodarsa. Yadda Sallau yake aiki shi ne, kowace waƙa tana da kaset guda da ake kira uwa, yana ajiye ta a akwatin ƙarfe da lambarta. Wanda yake so sai a kwafa masa, a manna masa wannan lambar a jikin tasa. In taka ta lalace, ka zo da lamba a sake maka.

Ruwa ya zo ya ci garin. Aka kwashe su aka zube a kan wani tudu mai tsakuwa, inda ko ƙaya sai ta yi da gaske take fitowa. Ranar da manoma suka tare hanya aka yi harbi, Ɗantani ya fita da gangarsa, kuma gangar kaɗai aka dawo wa Turai da ita. Sallau kuwa tsoro ya kama shi, ya sa reza ya kankare sunayen mawaƙa daga jikin uwaye duka, ya bar lambobi tsura.

Kaset ɗin Turai ya zama shi ne garin. Duk Juma'a bayan an sauko, tsofaffi suna taruwa a ƙofar ɗakinta, a haɗa batir, a kunna. Kowa ya yi shiru har a zo kan gonarsa, ya sunkuyar da kai, a wuce. Tattalin da aka yi wa kaset ɗin nan ko jinjiri bai samu ba. A tsumma ake naɗe shi, a sa a kwalla, a rufe. Ba wanda ya taɓa cewa a je Mafara a ƙaro wani. Da ma mutanenmu haka suke, abin da yake hannu gani suke ba zai ƙare ba, ga kuma tsoron a ji su suna neman waƙar a bainar jama'a.

Shekaru suka tafi, zaren kaset ɗin ya yi laushi. Wata Juma'a waƙar tana tsakiyar fadamar Dikko, rikodar ta tauna shi. Aka sa tsinke, aka sa biro, aka jawo shi a dunƙule kamar hanjin kaza. Tsofaffin suka zuba wa Turai ido, ita kuwa ko a jikinta.

"Ku kwantar da hankalinku," ta ce. "Uwa tana nan. Talata ni tahi Mahwara."

Ta isa kasuwa da hantsi, ta tarar da rumfar, amma ba Sallau. Wani matashi ne a zaune, Hamidu, ɗan ƙanwarsa daga Bakura. Bayan doguwar gaisuwa ya gaya mata kawunsa ya rasu bara waccan, shi ya gaji akwatin. Ta yi masa ta'aziyya, sannan ta ce, "Sittin da ukku nika biɗa."

Ya buɗe akwatin, ya bi layi da yatsa, ya zaro. Ga lambar nan kuwa ɓaro-ɓaro, da rubutun Sallau. Hamidu ya sa a rikoda ya danna.

Sai muryar wata mace ta tashi, siririya, da goge da ƙararrawa. Waƙar Indiya ce.

"Ba ita ba ce, ɗana. Ka sake dubawa."

Hamidu ya sosa ƙeya. Ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne kawai, kuma wani lokaci ɓarnar ɗaya ce. Ya ce mata sabon kaset ya yi wuyar samu. Shi kuma ya tarar da uwaye ba suna, bai san na wa da wa ba ne. Saboda haka duk wadda ya ga an daɗe ba a tambaye ta ba, sai ya ɗora mata abin da samari suke so. Lambar bai taɓa ta ba, don kada lissafin akwatin ya rikice.

"Inna, tun da niz zamna rumfag ga ba wanda yat taɓa tambayar wagga lamba."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi zafi. Da sun yi wa nasu riƙon sakainar kashi, ya lalace da wuri, da sun zo sun tarar da uwar da ranta.

"Wa am mawaƙin?" ya ce. "Ƙila akwai wata tashi cikin waɗanda ban kai gare su ba."

"Uban Kyauta."

"Sunanai nika nuhi, Inna."

Ta dubi mazan da ke tsaye a rumfar. Ko a ɗaka, ita kaɗai, ba ta taɓa furta shi ba. Ta ji kamar za ta tuɓe zane a tsakiyar kasuwa. Ta ja mayafi ta ce, "Ɗantani."

Hamidu ya ɗan yi tunani, ya girgiza kai. Bai taɓa jin sunan ba.

Ta zauna a bakin benci, Ba'indiyar tana ta rera abinta a kan gonakin mutane har ta gaji ta yi shiru. Zaren ya ci gaba da juyawa yana huci. Hamidu ya kai hannu zai kashe, sai aka ji bugun ganga guda, na ƙarshen kiɗi, inda sabuwar ɗauka ba ta kai ba. Wani mutum ya yi gyaran murya, yana haki, da 'yar dariya a bakinsa.

"To, Sallau, kashe. Sun ƙare."

Rikodar ta yi ƙas ta tsaya.

Turai ta yi kuka, ba ta ɓoye ba. Da ta share ido ta ce a kwafa mata wannan wurin, shi kaɗai. Abin da za ta kai wa tsofaffin ke nan ranar Juma'a. Hamidu ya kwafa jikinsa a sanyaye, ya yanko 'yar takarda, ya lashe ta ya manna.

"In sa sittin da ukku?"

"A'a. Sa sunanai."

Ya ɗora biro a kan takardar, ya tsaya. Ya ɗago ya dube ta cike da kunya.

"Ki gahwarce ni, Inna. Wa kinka ce?"