Rigar da ke rataye a shinge

Likita ya gaya wa Hedimasta ko dai ya fara gudu ko hawan jini ya kwantar da shi. Gudun bai dame shi ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne a gan shi. Mutumin da in ya yi gyaran murya makaranta kan yi tsit, a ce ga shi can bakin titi yana haki, tumbi na rawa! Don haka ya zaɓi asuba da sauran duhu, ya kuma zaɓi baƙaƙen kaya.

'Yarsa tela ce, kuma ba ta ɗaukar wargi. Ta ɗinka masa 'yar riga ruwan lemo mai layukan ƙyalli, irin ta masu gyaran titi.

"Baba, titin nan ba fitilu. In ba ka sa ta ba, direba ba zai gan ka ba."

"To, uwata, na ji."

Ji kam ya ji. Kullum yakan sa ta ya fita, tana leƙensa ta taga. Da ya sha kwana sai ya tuɓe ta, ya rataye a shingen wani gareji, ya yi gudunsa cikin duhu. In ya dawo ya mayar da ita, ya shiga gida kamar mutumin kirki.

Ran nan mai shayi ya ce masa, "Wai Malam, rigar wa nake gani a shingen can da asuba?"

Hedimasta ya ce shi ina zai sani. Washegari bai rataye ta ba, ya dunƙule ta ya cusa a aljihun wando.

Bai yi nisa ba ya ji ƙarar birki a bayansa. Motar burodi ce. Ta kauce masa da ƙyar, ta faɗa kwata, ƙofar baya ta ɓalle, burodi ya watsu a titi. Direban ya fito dafe da goshi, jini na bin yatsunsa. Hedimasta ya gane shi, tsohon ɗalibinsa ne, wanda ya sha bulala a hannunsa kan makara.

"Malam, ba ka ji ciwo ba? Ka yafe ni, Malam. Ban ga rigar ba ne."

"Wace riga?"

"Ta jikin shinge mana. In fitila ta haske ta, mun san ka fito, sai mu rage gudu har mu wuce ka. Yau na ga ba ta nan, na ce ko ka huta."

"Ku? Ku su wa?"

"Mu duka masu fitowa da asuba. Mai tankar ruwa ne ya fara gaya mana. Ya ce kada wanda ya gaishe ka, ba ka so."

Kunya ta rufe Hedimasta, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Ashe duk wannan ɓoyon, mutane ne ke kawar da kai don su rufa masa asiri. Ga wanda ya rufa masa asirin yana tsiyayar jini, yana kuma ba shi haƙuri.

Gari ya fara haske, maƙwabta suka firfito. 'Yarsa ta iso a guje, mayafi a hannu. Ta dubi baƙar rigarsa, ta dubi aljihunsa, inda bakin ƙyallin ya leƙo yana walƙiya a fitilar motar. Ta naɗe mayafin ta danna a goshin direban.

Hedimasta ya zaro rigar, duk ta yamutse, ya sa. Ya je ya tsaya a bayan motar, tsakiyar titi, yana ɗaga wa motoci hannu su rage gudu. Motar farko da ta iso cike take da malaman makarantarsa. Bai kawar da kai ba.