Ranar da Injin Markaɗe Ya Yi Shiru

Shekarar da aka kafa falwayar lantarki a garin San Mateo Ocotal, Eufrosina tana da shekara arba'in da shida, kuma kusan arba'in daga ciki a durƙushe ta yi su gaban dutsen niƙa. Baki shida ne a gidanta: ita, mijinta, da samari huɗu masu ci kamar gara. Allah bai ba ta 'ya mace ba. Kowane baki tortiya yake jira, wato faifan wainar masara da ake gasawa, safe da rana da dare. Tun da sauran duhu take tashi ta wanke masarar da ta dafa da farar ƙasa, ta durƙusa ta yi ta turawa awa huɗu ko biyar kafin ƙullun yini ya haɗu. Ba wanda ya taɓa kiran wannan da sunan aiki. Aiki ai na maza ne, a gona.

Wayar lantarki ba ta yi wata biyu da shigowa ba wani gurgu da noma ya gagara, Crisóforo, ya sayo injin markaɗe ya kafa a bayan coci. Abin da ke cinye wa mace rabin yini, injin nan kafin ki gama gaisawa da ta kusa da ke ya zubo miki ƙullunki.

Maza suka ce ba su san zancen ba. A cikinsu kuwa babu mai ɗaga murya kamar mijin Eufrosina, Don Melitón, mutum mai gashin baki da son a ce shi ya faɗa. Ya ce ƙullun inji ƙarfe-ƙarfe yake yi a baki. Ya ce macen da ta sami awa huɗu a banza, Shaiɗan ne zai nema mata abin yi. Ya rantse ko an ɗaure masa ido zai bambance tortiyar dutse da ta inji. Da bakin nan nasa aka ɗora masa gabatar da maganar rufe injin a taron gari na ranar Lahadi.

Abin da bai sani ba, kafaɗar matarsa ta dama ta daɗe da ƙarewa. Tun bara ba ta iya ɗaga hannu ta taje kanta. Wata uku ke nan tana sulalewa da bokiti a ƙarƙashin mayafi ta je wurin Crisóforo, ta dawo ta durƙusa tana goga dutse a kan dutse don a ji ƙara daga ɗaki. Gwanin ɗanɗano kuma ya tashi ya naɗe tortiya goma sha biyu, ya suɗe yatsa ya ce, "Kin ji abinci, tsohuwa. Wannan hannu ne ya yi shi." Takan ce masa to. Amma Lahadin nan ta tsaya mata a rai, don ta san in aka rufe injin ba ta da kafaɗar da za ta koma dutse da ita.

Ranar Alhamis aka kwana ana ruwa da iska. Da asubar Juma'a ta isa bayan coci ta tarar da mata sun fi talatin, kowacce da bokitinta, injin kuwa ko tari bai yi ba.

"Ku yi haƙuri, iyayena," in ji Crisóforo. "Falwayar bakin kwari ce ta faɗi. Mutanen kamfani kuwa sai sun ga dama, suna iya yin wata guda."

Gari ya fara wayewa, aka soma ganin fuskokin da a da duhu ke rufewa. Hermelinda, aminiyar Eufrosina, wadda bakinta ba shi da linzami, ta leƙa ƙarƙashin wani mayafi ta buga shewa.

"Jama'a ku zo ku gani! Matar shugaban gari! Ashe ke ma ƙarfe kike ba shi?"

"To me zan ba shi? Ƙarfen ne ya sa masa wannan tumbin."

Aka kwashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Eufrosina ma ta yi, amma tata ba ta wuce leɓe ba. Hermelinda ta lura, ta matso.

"Ƙawata, kawo naki in haɗa da nawa in niƙa miki."

"Ke da baki tara? Bari kawai. Yau dai ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi."

Ta koma gida ta durƙusa. Turawar farko ta ji kamar an soka mata allura daga wuya har gwiwar hannu. Ta gwada da hagu, ɗan dutsen ya karkace, masara ta watse a ƙasa. Rana ta fito, ta ɗaga, ƙullun da ta tara bai cika tafin hannu biyu ba. Kuma ba gidanta kaɗai ba: ranar duk garin babu mai gonar da ya fita a kan lokaci, sai maza tsaye a ƙofofi suna leƙen madafi suna shafa ciki.

Melitón ya shigo da faɗansa a baki. "Wai yau lafiya? Ko azumi Fadan coci ya sa mu?"

Sai ya ga masara a ƙasa, ya ga hannunta na dama kwance a cinya kamar ba nata ba. Tsoro ya kama ta, amma gajiya ta fi tsoron yawa.

"Wata uku ke nan abincin inji kake ci, tsoho," ta ce. "Ba zan iya ba. Ko yanka ni za ka yi, hannun nan ya tafi."

Ya dubi dutsen niƙan. Ya leƙa waje ya daka wa samarin tsawa su tafi gona haka nan, yunwar safiya ɗaya ba ta kashe kowa. Ya turo ƙyaure ya sa sakata.

"Matsa," ya ce.

Don Melitón, da gashin bakinsa da komai, ya durƙusa gaban dutsen niƙa. Da farko da ƙarfi ya fara, irin na mai nuna wa mace yadda ake yi. Masara ta yi ta tsalle. Ta ce masa ya rage, da nauyin jiki ake turawa, ba da hannu ba. Bai kai rabin awa ba gumi ya jiƙe masa riga, ya sauya gwiwa, ya sake sauyawa, ya dubi bokitin ya ga ko kashi ɗaya cikin huɗu bai ci ba.

"Kullum haka?"

"Kullum. Tun ina shekara bakwai."

Ya miƙe da ƙyar yana dafa bango. "In kika gaya wa Hermelinda na taɓa dutsen nan, sai na ci mutuncinki."

Ya ɗauki adda da igiya ya fita. Daga madafi tana jiyo shi yana bin gida-gida, wai abin kunya ne a ce fitilar coci a mace take ga Lahadi na zuwa, su kuma suna zaune suna jiran mutanen birni. Ba wanda ya ambaci inji. Maza arba'in da yunwa a ciki suka gangara kwari saboda fitilar coci, da wani saurayi da ya taɓa yi wa kamfanin aikin jan waya. Tabarmar kunya dai da hauka ake naɗe ta. Kafin la'asar ɗin Asabar aka ji injin ya yi tari sau biyu ya kama.

Ranar Lahadi mata ba sa shiga taro, sai dai su zauna a gindin katanga su kasa kunne. Eufrosina ba ta iya zuwa ba. Ta zauna a madafi, don ta san mijinta bai taɓa janye maganar da ya faɗa a gaban mutane ba. Can sai ga Hermelinda a guje, mayafi a hannu.

"Ƙawata! Shugaba ya ce, Don Melitón, kana da magana a kan injin. Mijinki ya tashi, ya gyara gashin baki, ya ce maganarsa ita ce falwayar kwari tana buƙatar tokari biyu kafin wani ruwan. Ya koma ya zauna! Aka ce akwai mai ƙari? Tsit kake ji, kowa na kallon takalminsa."

Eufrosina ta so ta yi dariya, kuka ya riga fitowa. Ta yi shi sosai, irin na wanda aka sauke wa kaya, Hermelinda na bubbuga mata baya tana zagin maza gaba ɗayansu.

Ranar Litinin jiki ya tashe ta a lokacin da ya saba. Ta zauna a bakin gado tana laluben takalmi cikin duhu.

"Ina kuma za ki?" in ji Melitón daga cikin bargo. "Kwanta. Injin ba guduwa zai yi ba."

Ta koma ta kwanta. Barci bai zo ba, ba ta ma san abin da mutane ke yi da wannan lokacin ba. Tana nan a miƙe har zakara ya yi cara, ta saurare shi har ya gama, hannunta na dama a kan ƙirji, ba ya yin komai.