Lemon Ɓerayen Keji na Biyu

A ɗakin binciken akwai keji biyu na ɓeraye. Duka ana zuba musu dalma a ruwan sha, amma na kejin farko kaɗai ake ba bitamin, don a ga ko zai kare musu hanta daga gubar.

Inna mai shara ba ta san da wannan ba. Ita dai ta ga na keji na biyu sun yi zuru-zuru, maƙwabtansu kuwa sai sheƙi suke. Abin ya tsaya mata a rai. Kullum da safe sai ta ɓare lemo ta tura musu, ta haɗa da gyaɗa.

Bayan wata biyu Dokta mai binciken ya duba hantar ɓerayen, kowacce lafiya lau. Ya goge tabarau ya sake dubawa. Can ya hango ɓawon lemo a ƙarƙashin keji.

"Inna, kin rusa min aiki. Guba ake ba su duka don gwaji. Waɗannan ai da gangan ake hana su bitamin, ga shi kin ba su a lemo."

Ta jingina tsintsiya, ta kalle shi sama da ƙasa.

"Da gangan? Ɗan nan, 'ya'ya bakwai na raina, ban taɓa ba wani na hana wani ba. Kai mai ba su guba ba ka ji kunya ba, sai ni mai lemo?"