Akwatin da Nevena Ta Iya Ɗauka

Borko ba ya tauna magana. Suna loda kaya a mota bayan wani biki, ya dubi Nevena ya ce, "Ke, yau kin kaɗa jitar nan kuwa, ko rungume ta kika yi don hoto?"

"Yatsuna har zafi suke, Borko."

"Ni dai ban ji ba, amarya ma ba ta ji ba. Ranar Asabar muna da wani bikin. In begiloli suka sake danne ki, ɗan ƙanwata yana nan da fiyanonsa, sai ki je ki huta."

Shi ne shugaban ƙungiyar, shi ke busa babbar begila, kuma in ya faɗi abu ya zauna. Hankalin Nevena ya tashi, don jitar nan ce ke ciyar da ita da mahaifiyarta. Laifin kuwa ba na hannunta ba ne. Amfilifayarta, akwatin da ke ƙara wa jitar sauti, ita ce ta roba, mai murya kamar ta sauro, wadda da zarar masu busa sun cika kumatu sai ta ɓace.

Duk makaɗin da ke birnin Nish ya san inda ake zuwa da irin wannan damuwa: garejin Kawu Tihomir. Tsohon ya yi ƙuruciyarsa a masana'antar da ke ƙera kwalaben rediyo, 'yan gilasan nan masu jan wuta a ciki kamar garwashi. Da aka daina yayinsu shi bai daina ba. Yana haɗa amfilifaya irin ta da, waya bayan waya da hannunsa, ya lulluɓe akwatin da yadi ruwan ƙasa. Wanda ya leƙa cikin aikinsa sai ya ji kunyar ɗakinsa, don tsabar tsari.

Nevena ta shiga da saurinta, ta nuna wata ƙatuwa da ke kusurwa. "Kawu, waccan nake so. Mafi ƙarfi."

"Sannu da zuwa ke ma," in ji shi. Ya kunna ƙatuwar da wata ƙarama kusa da ita, ya ɗora tukunyar kofi a wuta. "Zauna, 'yata. Kwalba sai ta ɗumama take magana. Ni ma haka nake da safe."

Haka ta zauna tana kaɗa ƙafa har suka shanye kofin. Da ta jona jitar a ƙatuwar ta ja waya ɗaya, sai da gwangwanayen kusoshi suka yi rawa a kan kanta. Sauti ne mai kauri da ɗumi, irin wanda ake ji a ƙirji. Daɗi ya kama ta har ta yi dariya ita kaɗai.

"Ta yi! Bari Borko ya zo da begilarsa."

"Madalla. Ɗauke ta ki kai ƙofar gida ki dawo da ita."

"Na'am?"

"Ba na sayar wa mutum abin da bai ɗauka ba. Kowa ya sani."

Ta sunkuya ta ciccibo ta. Ta wuce bishiyar tsakar gida da ƙyar, kafin ƙofa ta dire tana haki, hannunta ya yi jawur. Tsohon bai taimaka mata ba, yana tsaye riƙe da kofinsa.

"A ina kike zaune?"

"Can ƙolin bene."

"Akwai lif mai hawa da mutane?"

"Ya mutu tun ina budurwa."

"Maƙwabta fa?"

Ta yi tsaki. "Wadda ke ƙasana, da rana lokacin hutu ko cokali na yar sai ta doki rufi da sandar tsintsiya."

Ya sa ta mayar da ƙatuwar, ya rage mata murya daidai yadda maƙwabciyar za ta iya jurewa. Sai sautin nan mai cika ƙirji ya koma siriri, ba gishiri ba mai. Ya cire jitar ya jona ta jikin ƙaramar. A ƙasa-ƙasa muryarta na da zaƙi. Da ya murɗa ta har ƙarshe kuwa, sai ta buɗe maƙogwaro, ta yi wata dusasshiyar kuwwa mai daɗi, kowace waya tana jan numfashi kafin ta mutu.

"Babbar tana son fili kafin ta yi waƙa," ya ce. "Ke kuwa a gida za ki riƙa gwaji, kuma a bayanki za ki riƙa hawa da ita."

"Begiloli fa, Kawu? Aikina ne a kai."

"Ba zan yi miki ƙarya ba, ba ta kai su ƙarfi ba. Amma muryarta ba irin tasu ba ce, tana bi ta tsakaninsu. Ki ɗora ta a kujera, kada ki bar ta a ƙasa tana yi wa takalman mutane waƙa. Zaɓi naki ne."

Nevena ta daɗe tana kallon ƙatuwar, tsoro bai sake ta ba. Amma hannunta ya riga ya faɗa mata gaskiya. Ta ɗauki ƙaramar da hannu ɗaya ta fita.

Ranar Asabar aka kafa rumfa a wani ƙauye, kabeji na dahuwa a manyan tukwanen ƙasa, ana juya raguna a kan wuta. Borko ya ga akwatin a kan kujera ya kwashe da dariya.

"Wannan fa? Abincin ranarki ne a ciki?"

Nevena ta jona jitarta. Ta kunna tun da wuri ta bar kwalaben suka yi ja. Da rana ta take aka ja layin rawa, hannu cikin hannu, begiloli suka ɗauka kamar za su yaga rumfar. Da aka zo gurbinta ta murɗa har ƙarshe ta saki yatsu. Sautin ya ratsa ta tsakiyar busar ya fito sarai. Matan da ke gaban layi suka juyo suna neman inda yake fitowa.

Kakan amarya ya taso yana rangaji, takardar kuɗi ta dinar a hannu. A yankin nan mai begila ake yi wa liƙi, a manna masa a goshi ko a cusa a bakin begilar, don haka Borko ya riga ya miƙo wuya. Tsohon ya wuce shi kamar bai gan shi ba, ya tsaya gaban kujera yana neman inda bakin wannan abu yake. Da bai samu ba ya zagaya baya, ya nufi kwalaben da takardar.

"Kaka, wuta!" Nevena ta daka masa tsawa ba tare da ta daina kiɗa ba.

Ya janye hannu, ya lashi takardar, ya manna mata a goshi. Rumfa ta kaure da shewa.

Borko ya sauke begilarsa, ya matso kusa da kunnenta yana huci. "Asabar mai zuwa a garin Leskovats muke. Ki zo da kujerarki, ban yarda da nasu ba."